Layin da Ya Haɗiye Sunayen 'Yan Lakwal

Ni na rubuta wa ordinata, wato kwamfutar buronmu, ofishin kula da makarantu na Konni, tsarin jera sunayen 'yan jarrabawar sartifika ta gama firamare, da harshen kwamfuta na BASIC da na koya a Yamai. Kullum sai ya cije a wuri ɗaya: yana son rana da wata da shekarar haihuwa, alhali yaran ƙauye da yawa shekara kawai ke cikin takardarsu, ita ma kintace ce. Da ya iso kan irinsu sai ya tsaya cak, ya ce akwai kuskure a layi kaza.

Ni kuwa ba ni da haƙuri. Na ƙara masa layi guda: in ka ci karo da kuskure, yi shiru ka wuce. Shi ke nan, ya bar damuna, har ina hura hanci.

Ranar da za a kai jerin zuwa Tawa, babban birnin jiharmu, direba ya riga ya tada mota, sai ga daraktan wata lakwal, wato shugaban makaranta, daga wajen Bazaga, dattijo, ya jingine kekensa yana haki. Ya bi takardun da yatsa har ƙasa, ya sake bi.

"Malam, ina ɗiyana? Tara na kawo, ukku nika gani."

Na duba jerin. Duk yaron da ba shi da ranar haihuwa, injin ya tsallake shi, kuma ni na ce ya yi. Wanda ba ya cikin jerin kuwa ba zai zauna jarrabawa ba.

Na roƙi direba ya kashe mota. Ya ce shi fa da azahar zai tashi, ko da takarda ko babu. Na goge layin nan. Injin ya koma tsayawa, suna bayan suna, ni kuma ina shigar da su da hannu. Kai! Ba Bazaga kaɗai ba, har Alela da Dogarawa. Zufa ta jiƙa mini riga sharkaf. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba.

Ana kiran salla na miƙa wa direba jerin. Na sauke numfashi, na ce, "Baba, an gyara."

Bai yi murmushi ba. Ya riƙe kan kekensa ya dube ni.

"Bara ma ɗiya biyu sunansu bai hito ba. Na ce musu daga sama ne, sun koma gona. Da wanga inji kunka yi?"

Da shi muka yi, da layin nan a ciki.