Kujerar da Kawu Ya Ƙera wa Kansa

Kujerar ba ta da mai ita. Duk abin da Kawu ya ƙera a shagonsa yakan rubuta alamar mai shi da fensir a ƙasa, wannan kuwa babu komai. Siririya ce, an kafa mata wani allon katako a gaba, daidai inda gwiwa za ta tokare.

Kawu ƙanen mahaifiyata ne, kafinta, mutumin da ko shayi a tsaye yake sha. Tun da ya faɗo daga rufin wani gida gwiwarsa ta hagu ba ta son lanƙwasa. In ya daɗe a zaune sai ta ƙage, sai an ɗaga shi. 'Yarsa ta fari, wadda ba ya kiran sunanta, ta haifa masa jika namiji a wani birni mai nisa, ta aiko masa da tikitin jirgin sama. Awa goma sha ɗaya ne a sama. Ya tambayi wani abokin cinikinsa faɗin kujerar jirgi, ya ƙera irinta, ya ce in bai iya zaman ba, ba zai je ya ba yarinyar nan kunya a gaban mutane ba.

Ranar da na kai masa saƙon Mama na tarar da shi zaune a kujerar, ya ɗaure ƙugunsa da igiya, gumi na bin wuyansa. Matarsa na tsaye a bakin ƙofa.

"Malam, jirgin naka ya kai ina?"

"Muna kan teku. Ki daina yi wa direba surutu."

"Jiya ma a tekun ka faɗo."

Bai yi dariya ba. Ya kwance igiyar, ya dafa allon, ya miƙe da ƙyar.

"Ki ce wa yarinyar nan ta mayar da tikitin. Ɗan abokin nawa da ta haifa ya girma ya zo da ƙafarsa."

Sau ɗaya na taɓa hawa jirgi, lokacin wani taron makaranta. Ba na sa baki in manya na magana. Amma na dubi ƙasa na ce, "Kawu, ai ana tashi."

"Ana me?"

"In jirgi ya daidaita a sama, ana kwance bel ɗin. Mutum ya miƙe, ya yi ta zirga-zirga tsakanin kujeru. Har banɗaki akwai."

Ya juyo wajena.

"A tsaye? Ba mai hanawa?"

"Sai in ana girgiza, ko za a sauka."

Ya sauke numfashi, ya share wuyansa da gefen riga.

"To ke 'yar boko, kina da wannan a ciki kika bar ni ina ta faɗawa teku?"

Matarsa ta yi dariya har ta riƙe ƙofa. Shi kuwa ya shiga ciki ya ɗauko baƙaƙen takalmansa na fita, ya kaɗe su, ya nufi wajen mai gyara a sa musu sabuwar dunduniya.