Yajin Inna Ya Shiga Leda

Fita daga Mafara

Ana sallame sallar asuba na saɓa kwalina na nufi tasha. A cikin kwalin yajin daddawa ne na mahaifiyata, Inna, wadda ta fi shekara talatin tana sayar da shi a kasuwar Talata. Yanzu gwiwoyinta sun gaji, in ta wuni a kasuwa sai ta kwana biyu tana salla a zaune. Shi ya sa ni, da nake tela, na sayo injin liƙe leda da ƙaramin sikeli, na sa aka buga mana sitika mai hoton barkono. Nufina masu shaguna su riƙa karɓa, ita ta huta a gida.

Inna ba ta yarda da injin ba. Da zan fita ta ce, "Auta, ka tahi ka gwada. In ba su amsa ba, ran Talata ina bisa kujerata cikin kasuwa."

Motar Bakura ba ta cika ba sai da rana ta fito. Mu huɗu aka cusa a baya, kwalin a cinyata. A shingen farko jami'i ya leƙo ya ce in buɗe. Mutumin da ke gefena, jin an ambaci yaji, tuni ya toshe hanci da hula. Aka buɗe, ko atishawa ɗaya ba a yi ba. Direba ya ce wannan shi ne yaji mai ladabi na farko da ya taɓa ɗauka, ni kuwa na gyara zama kamar ni na ƙera injin.

Bakura

Da hantsi na isa shagon Alhaji Ummaru, mai kayan masarufi a bakin kasuwa. Bayan doguwar gaisuwa ya juya ledar gaba da baya, ya nuna min kantarsa. Tumatir a leda, madara a leda, ƙuliƙuli a roba mai murfi, fura ma a gora cikin firij mai aiki da sola. Ya ce zamanin ke nan, amma mu ga bakin masu saye.

Ba mu daɗe ba wata dattijuwa ta shigo. Ta ɗauki leda ɗaya, ta shinshina ba ta ji komai ba, sai kawai ta kai baki ta ɓalle kusurwar da haƙori, ta lasa. Ta ce wannan hannun mutanen Mafara ne, a ba ta biyu. Ta biya, amma ba ta tafi ba, ta tsaya da tafin hannu a buɗe.

"Ina gyara?"

Gyara dai ita ce ɗan ƙarin da mai sayarwa ke ɗora wa mai saye bayan an gama awo, kuma sam ban tuna da ita ba. Na ce, "Hajiya, wanga da sikeli anka auna shi, daidai yake cif."

"To shi na laihinai," in ji ta. "Mai yajin ga ba ta taɓa ba ni daidai ba."

Ta ajiye ledojin ta karɓi kuɗinta. Mata biyu da suka biyo baya su ma haka. Alhaji ya ce shi ba zai riƙa fasa leda yana yin gyara ba, ya ba ni haƙuri, ya haɗa ni da gorar fura mai sanyi. Furar ta yi daɗi, amma raina a ɓace na sha ta.

Mafara, a ɓoye

Kunyar komawa gida da kwali a cike ta sa na yanke shawarar gwada Maradun. Mai zuwa can daga Bakura dole ya ratsa ta garinmu. Na sauka a tasha bayan azahar ina sunkuyar da kai, don a Mafara kafin ka kai gida labarinka ya riga ka. Sai ga maƙwabcinmu mai shayi yana ɗaga min hannu daga nesa. Na yi kamar ina amsa waya, na faɗa motar Maradun. Muka bi ta gefen dam ɗin Bakolori, gonakin shinkafa da albasa shar a dama da hagu, muka wuce shinge biyu lafiya. Ni dai gwiwoyin Inna nake ta gani a raina.

Maradun

Na sauka gidan Gwaggo Tumba, ƙanwar mahaifina, wadda ke sayar da kayan miya a cikin gida. Sai da ta ga na cinye tuwon shinkafa da kifin dam sannan ta bari na yi bayani. Ta yi dariya har da hawaye.

"Kai da kat tashi kana ganin uwarka na ba da gyara tun kana goye, kai am mai mance ta?"

Ta ɗauko ledar nan da aka ɓalle a Bakura, ta juye a murfin kwano. Ni kuma na tuna akwai zare a aljihuna, tela ba ya rabuwa da shi. Muka yi ta ƙulla 'yan mitsi-mitsin ƙullin yajin a guntayen leda a matsayin gyara, ina ɗaure kowanne a wuyan babbar leda. Kafin magariba matan unguwa sun kwashe rabin kwalin, kowa na cewa yajin birni ne amma mai mutunci.

Da safe aka sami matsala ɗaya. Wata tsohuwar aminiyar Gwaggo ta dawo tana faɗa, wai ta ga gyararta daidai take da ta amaryar da aka kawo unguwar bana. Gwaggo ta ƙara mata ƙulli biyu, ta juyo gare ni ta ce, "Injinka ya iya awo, amma bai san mutane ba. Ka bar ma uwarka aikin ga." Wani mai shago kusa da tasha ya ga ledojin da 'yan ƙullinsu, ya karɓe sauran, ya ce in kawo wani kwalin mako mai zuwa.

Gida

Na iso Mafara da la'asar, kwali ba kowa a ciki. Mai shayi ya riga ya tona min asiri, don haka Inna ta tarye ni da, "An ce jiya an gane ka tasha kana ɓoyo." Na zauna na ba ta labari tun daga Bakura. Da na zo kan gyara sai ta ce a miƙo mata leda da zare, ta gani ko hannunta zai iya.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, da Gwaggo Tumba, da Alhaji Ummaru wanda ya aiko cewa shi ma a kai masa mai ƙulli.

Ranar Talata na leƙa gida da hantsi. Tun da na yi wayo ban taɓa samun Inna a gida a irin wannan ranar ba. Tana kan tabarma a inuwa, ƙafafu a miƙe, tana ƙulla gyara manya da ƙanana, tana mitar cewa injin nan warin ƙonanniyar roba yake. Daɗi ya kama ni har na kasa shiga, na tsaya a bakin zaure. Da aka kira azahar ta miƙe ta yi sallarta a tsaye.