Shekarar da Na Sari Labarai

Buhu sittin na wake ke gare ni a magaza, ɗakin ajiyata a nan Dakoro, a waccan shekarar. Na tattaro su daga Mai Yara da Birnin Lalle, kowane buhu jikka goma sha biyar, wato sefa dubu goma sha biyar. Wani mai kamyo, babbar motar kaya, daga Maradi ya taya sha tara. Ribar jikka ɗari biyu da arba'in ke nan. Abu ɗaya ya rage in sani: in saki ko in riƙe.

Maƙwabcina tsohon malamin lekol ne, makarantar boko, Mushe muke ce masa. Shi ya nuna mini wata jaridar Faransanci a salula, mai kawo labarin kasuwanni da na iyaka.

"Alhaji, hanya biyu ce," in ji shi. "Labari ɗaya dala arba'in, sefa ɗari biyu ke nan. Ko ka yi abonoma, jikka talatin, shekara guda kome naka ne."

Na yi dariya. Tun ina saurayi da masu sayen tiya-tiya nake cin abinci, na san yadda ake yankarsu. "Mushe, ni za a yi wa awo? Sari zan yi."

Hajiyar da rumfarta ke kallon tawa, ita ma wake take juyawa. Ta biya dala arba'in, Mushe ya karanta mata labari guda a kan wake, a satin ta sallama nata.

"Hajiya, da tiya ɗaya kika yanke shawara?"

"Cikina ƙarami ne, Alhaji. Kai mai buhu, Allah ya ba da sa'a."

Ni kuwa ban taɓa barin kayan da na biya a hannun mai sayarwa ba. Kullum da hantsi sai in aza shayi, Mushe ya sa tabarau. In ya zo tsallake wani, in tare shi.

"Wannan na ƙwallo ne, Alhaji."

"Na biya shi?"

"Ka biya."

"To karanto."

Ran Litinin wani masani ya ce wake zai tashi. Ran Laraba wani ya ce zai faɗi. Duka biyun da kuɗina na saye su, ban ga wanda zan zubar ba, sai na jira na Alhamis.

Hantsin nan kuwa shi ne lokacin da na saba shiga magaza, in kwance bakin buhu, in cusa hannu, in shinshina. Wata biyu ban yi ba. Ranar da mai kamyo ya komo, ya ɗebo waken a tafinsa ya hura, gari ya tashi. Ƙwari sun huda shi sarai.

"Alhaji, wake ne wannan ko rariya?"

Ya ce sha uku, na ce Allah ya sa albarka tun bai sake tunani ba.

Na zauna na ƙirga. Jikka ɗari da ashirin sun fita daga uwar kuɗi. Talatin na abonoma. Shayi da sukari wajen goma, don Mushe ba ya karatu da busasshen maƙogwaro. Ribar da na ƙi karɓa ban ma sa ta ba. A gefen samu, duk Dakoro babu wanda ya kai ni sanin dokar kamun kifi a teku, kuma akwai sauran wata goma na karatu da na riga na biya.