Shukar Ranar Lahadi

Jiya wani bakanike a bakin titinmu ya buga guduma a kan tsohon ƙarfen taya. Irin wannan ƙarfen ne aka rataye a jikin darbejiya a ƙofar cocin ƙauyenmu, shi ake bugawa ranar Lahadi. Na tsaya da kwandon cefane a hannu ina bincikar kaina, ko akwai laifin da na yi ban tuba ba. Haka nake tun ina yarinya. Ina kulle ƙofa in dawo in sake taɓawa. Ina gama addu'a in sake farowa, wai ko na tsallake wani abu.

Unguwarmu 'yan gidaje ne na Kirista, can gefen Dawakin Tofa, gona manne da gona, sai ciyawar gamba ce ke raba iyaka. Maƙwabtanmu Musulmi ne, rijiya ɗaya muke sha. Kakanninmu Maguzawa ne, Kaka ma, uwar Baba, sai da ta ga jikoki sannan ta bi Yesu. Baba dattijon coci ne, mutum mai tsare doka. Ranar Lahadi ko ciyawar akuya ba a yankowa a gidanmu, tun Asabar ake tarawa. Ni kuma ina aji huɗu, na haddace dokokin nan goma, ina riƙe da su kamar ƙwai a tafin hannu. A fahimtata, Allah yana zaune ne yana jira in saki ɗaya.

Shekarar da nake ba ku labari fari ne a kan fari. Sau biyu muka yi shuka, sau biyu ta ƙone. Rumbu ya zama wurin kwanan kaji. Ganyen tafasa muke ci da ɗan garin rogo, ƙanena yana kuka har muryarsa ta dushe. Sauran irin gero ƙwarya ɗaya, Inna ta zuba a tulu ta liƙe bakin da laka, don kada yunwa ta sa mu daka shi.

Sai ruwa ya sauko da sassafen Lahadi. Ba mai yawa ba ne, ya dai jiƙa ƙasa kamar tsawon yatsa. Wanda ya san jigawa ya san ba ta riƙe laima. Kafin Litinin rana za ta shanye shi.

Baba ya riga ya sa farar rigarsa ta coci. Ya zauna a kan turmi yana kallon maƙwabta suna wucewa da sungumi a kafaɗa. Ya daɗe a zaune. Aka buga ƙarfe, bai tashi ba. Can sai ya cire rigar, ya ninke, ya ce wa Inna, "Fasa bakin tulun."

Na ji kamar ƙasa ta tsage. A hanya wani malami maƙwabcinmu ya hango mu, ya yi dariya.

"Dattijo, yau Lahadin ma ta sha ruwa ke nan?"

"Ta sha, Malam. Allah ya ba mu damina."

"Amin. Ku yi sauri, ranar nan ba ta da wasa."

Baba yana gaba yana sara da sungumi. Inna da ni muna binsa, kowa da layinta, a jefa iri a rami a rufe da diddige. Ramin farko na ɗebo geron, hannuna ya ƙi sakinsa. Na ce a raina, idan na jefa na karya doka, kuma irin da aka shuka cikin zunubi wace albarka zai yi? Sai dabara ta zo mini. Ina sunkuyar da hannu kamar mai jefawa, in rufe rami ba komai a ciki, geron kuma in tura shi cikin ƙullin zanina. Niyyata in dawo Litinin in shuka shi da tsarki. Ko a lokacin hankalina bai kwanta ba, don rufe ramin ma aiki ne. Ina tafe ina neman gafarar diddigena.

Na ƙulle irin a tsumma, na ɓoye a wani kogon katanga bayan ɗakin Kaka. Litinin na tarar ɓeraye sun riga ni. Tsumman kawai suka bari.

Bayan kwana huɗu gero ya tsiro. Layin Inna kore, nawa fari fat, haka gonar ta yi zane-zane har ƙarshe. Duk wanda ya wuce sai ya tsaya. Wani ya ce tsuntsaye ne, wani ya ce tururuwa. Baba ya tsuguna ya tona rami uku da yatsa, bai sami ko ƙwaya ba. Ya dube ni, ya kakkaɓe hannu.

Na daina cin abinci, ko da yake babu abin kirki da za a daina. Na tsare doka ɗaya, na yi ƙarya, na yi sata, na hana ƙanena rabin abincinsa. Duk inda na juya lissafin, wuta nake gani. Kaka ce ta kama ni wata rana da hantsi, tana tsinke zogale a inuwa.

"Zo nan, uwar doka. Me kike ta motsa baki kamar mai tauna aya?"

Na durƙusa na faɗa mata duka. Na ce ta gaya mini abin da zan yi Allah ya karɓe ni, ko azumi ne, ko kwana nawa ne.

Ta ajiye faifan. "Ke, haka muke yi wa iskoki da. Ka taka inda ba a takawa, jan zakara. Ka manta wani abu, baƙar akuya. Na tsufa ina biya ban taɓa sanin ko na gama ba. Da aka ce mini akwai wanda ya riga ya biya, nawa kawai in gaskata shi, ai a ranar na yi barci. Yanzu ke kuma za ki mayar mini da shi iska mai jiran kaza?"

"To, Kaka, dokar ba ta da amfani ke nan?"

"Wa ya ce? Kullum ina share ɗakin nan. Don kada ubanki ya kore ni nake sharewa? Gidana ne, shi ya sa. Tashi ki je ki gaya masa."

Na same shi yana dasa gero a layukana, yana cirowa daga na Inna. Na faɗa ina kuka. Ya ce, "Na sani tun ranar." Ya miƙo mini damin dashen, muka ci gaba. Kaɗan ne ya kama.

Lokacin girbi ya yi, amfanin bai kai mu ko watan azumin maƙwabta ba. Amma ranar da aka karyo zangarniyar farko aka gasa tumu, Baba ya murje shi a tafinsa, ya hure ƙaiƙayin. Ga ƙanena, ga Inna da ta shuka shi. Ni ya fara miƙa wa. Na ce ban cancanta ba. Ya ce, "Wa ya tambaye ki? Buɗe hannu."

Baba bai sake taɓa sungumi ranar Lahadi ba har ya rasu, kuma ban taɓa jin ya ce ya yi nadamar waccan ba. Yanzu ɗana yana noman rani a Watari, wani lokaci ranar Lahadi ake sako musu ruwa. Ina kiransa sau uku in tambaya ko ya je coci, yana dariya yana cewa, "Mama, kin riga kin tambaya." Ban iya bari ba. Har yau ban san daidai inda iyakar take ba, kuma nakan farka da tsoron ko ban yi abin da ya isa ba. Idan abin ya taso, ba ayyukana nake ƙirgawa ba, don na ga inda ƙirgata ta kai mu. Hannu nake buɗewa.