Wa Zai Wanke Shi

Yarona ya wuce shekara biyu yana shan nono, har haƙoransa suka fara ji min ciwo, ban yaye shi ba. Surukata, da muke kira Inna, duk ta gan shi ya cusa kai cikin rigata sai ta ce, "Wannan mijin nawa sai ya yi gemu za a yaye shi?" Matan gida su yi dariya, ni ma in taya su. A gidanmu na Madachi, muddin mace tana goyo ba mai duban cikinta. Ranar da ta yaye ake fara dubawa.

Malam, maigidana, da sikila aka haife shi. Na sani kafin aure, an gwada jininmu aka ce 'ya'ya ba za su gada ba. Na saba da ciwon ƙashinsa, na saba da idonsa ya yi ruwan ɗorawa in damina ta yi sanyi. Abin da ban sani ba, ciwon yana sauka har gaban namiji. Ina gidan iyayena a Durba ina wankan jego abin ya same shi. Gabansa ya tashi ya ƙi kwanciya, ba sha'awa, sai azaba. Ya rufe kansa a ɗaki, ya ce wa Inna ciwon mara ne, ya yi wa kansa rubutu ya sha. Kwanaki ya yi a haka don ya kasa buɗe baki ya faɗa wa mahaifinsa, limamin unguwa. Da aka kai shi asibiti a Rano sai suka tura shi Kano. Aka zuƙe jinin da ya daskare, abin ya kwanta, bai sake tashi ba. Lokacin bai kai talatin ba.

Ban ji wannan ba sai da yaro ya fara tafiya. Na ga dai ya daina tsokanata, na ɗauka tausayin goyo ne. Wata rana muna ɓarar gyaɗa ya faɗa min, idonsa a kan faifai, hannunsa bai tsaya ba.

Likitan Kano ya ce ya zo da matarsa. Muka ce wa Inna jinin yaro za a sake dubawa. Likita ya ciro wasu fararen sanduna biyu, kaurin ɗan yatsa. Ya lanƙwasa ɗaya ta tsaya a lanƙwashe, ya miƙar da ita ta tsaya a miƙe. Ya ce tiyata ake yi a sa su a ciki. Wurin ba zai ƙara laushi ba, sai dai mutum ya karkata shi ƙasa cikin wando. Wani yakan yi ruwa har a cire, in kuma aka daɗe ba a yi ba naman yana ƙara tauri, aikin ya yi wuya. Haihuwa kuwa, ya ce ana samu.

Ni takalmina nake kallo. Malam tambaya ɗaya ya yi.

"In mutum ya mutu, ana cirewa?"

"Haba Malam, muna maganar rayuwa," in ji likita.

"Ana cirewa?"

"Ba a cirewa."

Tun da ƙarfin liman ya ragu, Malam ne ke shiga wankan gawar maza a unguwarmu. Muna saukowa daga mota a Rano ya ce min, "Ana rufe wurin da ƙyalle, ana naɗe hannu da tsumma. Amma hannu yana ji. Na san abubuwa a jikin mutanen garin nan da zan mutu da su. Ni ba na faɗa. Wanda zai wanke ni fa? Kuma kin san irinmu ba ma daɗewa."

Bayan sallar layya Inna ta gaji. Ta kama ni da kanta ta shafa min maɗaci a nono, yaro ya kama ya saki yana tofarwa, ta saɓe shi sai Unguwar Gai wurin ƙanwarta. Nonona ya cika ya yi tauri kamar dutse. Matan gida suka dafa min kaza da magunguna, suka haɗa tsimi. Matar wan Malam ta ajiye kwanon a gabana ta ce, "Amarya, sai a bi shi a hankali, kin san ba shi da jini da yawa." Suka zauna suna kallona har na cinye, na shanye romon.

Washegari Malam ya dawo daga gona ya tsaya a bakin ƙofa, bai shigo ba.

"Shari'a ta ba ki hanya," ya ce. "In kina so, ba sai an je gaban alƙali ba."

"In na tafi a ce me?"

"A ce ba mu daidaita ba."

"Ni ban ce ina so ba."

"Yanzu ba ki ce ba."

Gaskiya ya faɗa. Ina son zama da shi, ina kuma son abin da kowace mace ke so, ba na jin kunyar rubuta wannan.

A Islamiyyar matan aure na jira kowa ya fita, na tambayi malamarmu ko mace na iya wanke gawar mijinta. Ta ce tana iyawa, ita ce ma ta fi cancanta. Ta bi ni da ido ta ce, "Ke da ƙuruciyarki, me ya kai ki nan?" Na ce ji na yi ana musu.

Da na kai wa Malam maganar sai ya ce:

"Yana cikin littafi. Kin taɓa ganin an yi a garin nan?"

"Ka bar wasiyya."

"Su ce me yake ɓoyewa."

"Su ce. Ai cewa ce, ba su taɓa da hannu ba."

"Ke da ko kaza ake yankawa sai kin juya baya."

Bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ba a daɗe ba wata tsohuwa ta rasu a maƙwabta. Na je na tsuguna gaban dattijuwar da ke wankan mata, na ce ta bar ni in riƙe buta. Ta tambaye ni ko ina da ciki, na ce babu. Ta ce, "To shigo, kuma abin da kika gani a nan ya tsaya a nan."

Na ga yadda ake kaɗa garin magarya a ruwa, da yadda ake farawa ta dama. Da aka zo juya ta, dattijuwar ta ce in ajiye buta in tallafi kafaɗa. Tsohuwar nan ƙashi ce da fata, amma mu biyu sai da muka yi nishi, kanta yana zamewa daga hannuna. A nan na gane: ranar da zan wanke Malam, maza ba za su tsaya a ɗaki ɗaya da ni ba, mata kuma ba za su shiga kan gawar namiji ba.

Na dawo gida gefen zanena a jiƙe. Malam yana zaune yana gyaran lauje.

"An ce kin shiga."

"Na shiga."

"Yaya?"

"Zan iya."

Ya fi ni sanin nauyin gawa, ya san mutum ɗaya ba ya juya ta. Bai faɗa ba, ni ma ban faɗa ba. Ya gwada bakin laujen da babban yatsa, ya ce in an gama girbi za mu koma Kano, in fara tunanin abin da za mu gaya wa Inna.