Ranar da Motar Gado Ta Yi Wutsiya

Ko tsufa ya kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai kwashe ranar da mijina ya tafi nema wa ƙanensa aure. Shekaru sun ja, amma har yau in na tuna sai na nemi wurin zama saboda dariya.

Lokacin muna zaune a wata unguwa kan hanyar Jiwa. Mijina ma'aikacin gwamnati ne, bas ɗin ofis ke kai shi ta dawo da shi. A tsakar gida kuma akwai doguwar farar mota da ya gada wurin mahaifinsa, ba a hawanta sai da babban dalili. Wanki kam tana sha, amma duk ranar da aka buƙace ta, a murɗa makulli sai ta yi ɗan tari ta yi shiru, batir ya kwanta. Maƙwabta har sun saba, da sun ga ya fito da manyan kaya sai su fara naɗe hannun riga, sun san turi ya kama su.

Wata rana ya dawo da wata 'yar na'ura da ba ta wuce tafin hannu ba, yana fara'a.

"Maman yara, zo ki ga ƙarshen turi," in ji shi. "Wannan ba irin cajar da ke ɗura wa batir wuta har ta dafa shi ba ce. Kaɗan-kaɗan take ba shi, in ya ƙoshi ta tsaya."

Na tsaya ina kallo ya buɗe bonet, ya goge kawunan batir tas. Na'urar tana da maƙalai biyu masu baki kamar na kada. Ya kama kan da ke da alamar tarawa da ja, baƙin kuma ya maƙala a jikin ƙarfen motar, ya ce sai an gama wannan ake jona wuta. Da yake hancin motar ƙofar gida yake kallo, sai ya bi da wayar ta ƙarƙashinta, ya ɗaure tamau don kada yara su fizge, ya rufe bonet, ya jona a doguwar wayar ekstenshan da ke baranda. Da 'yar fitilar ta koma kore, ka ce albishir ɗin ƙarin girma aka yi masa.

Ba a jima ba maganar auren ƙanensa ta taso. Yarinyar 'yar Karshi ce, mahaifinta kuma mutum ne mai tsauri, ya riga ya ɗaga zaman sau ɗaya, ya aiko cewa in an makara kada a zo. Baffa, ƙanen marigayi mahaifin mijina, ya iso daga gida ya ce shi ba zai shiga motar kowa ba sai ta yayansa.

Da safe na goge wa mijina babbar rigarsa a baranda. Dutsen gugar a jikin ekstenshan ɗin nan na jona, da na gama na kashe wutar bango na bar shi ya huce. Suka shiga mota. Mijina ya yi bisimilla ya murɗa makulli. Bugu ɗaya ta tashi! Baffa ya yi kabbara, yara suka ɗau tsalle, ni ma na rangaɗa guɗa. Cikin wannan murna babu wanda ya tuna da waya.

Mota ta fita, sai na ga ekstenshan ya zabura daga baranda kamar maciji, dutsen guga ya bi shi ƙwaram-ƙwaram har titi. Na suri mayafi na bi su ba takalmi, ina kira, amma gilasai a rufe suke.

Maƙwabciyarmu 'yar Filato, mai saro lemo da kankana a Zuba, tana jera kayanta a bakin hanya. Ta watsar da tire ta shiga gudu tare da ni.

"Oga! Oga! Motarka ya yi wutsiya!"

Shi kuwa ganin mutane suna ɗaga hannu, ya ɗauka taya shi murna ake yi yau ba turi. Har hon yake dannawa, Baffa yana ɗaga musu hannu cikin ƙasaita. Sai a ƙofar unguwa, da masu gadi suka ƙi ɗaga sanda, ya tsaya ya fito fuska a ɗaure. Ya ga ni ina haki, ya ga maƙwabciya ta dafe ciki, sannan ya ga dutsen guga kwance a ƙura, hannun dutsen ya karye.

Baffa ya leƙo ya daɗe yana kallo, ya ce, "Ɗana, wannan ma cikin kayan da za a kai ne?"

Nan kowa ya fashe da dariya, har mijina. Ya cire baƙin maƙali, ya cire ja, ya miƙa mini tarkacen, suka wuce. Na'urar ta kuje amma ba ta mutu ba.

Sun isa a kan kari. Da yamma mijina ya ba ni labarin cewa zaman ya fara a sandare, uban yarinya ko murmushi babu. Baffa ne ya kwance labarin wutsiya, uban yarinyar ya yi dariya har da hawaye, ya ce gidan da ake lallaɓa motar uba haka, kuma ake iya yi wa kai dariya, ba zai ji tsoron kai 'yarsa can ba. A zaman nan aka ba su yarinyar.

Abin da na koya shi ne, murna ma tana rufe ido kamar yadda fushi ke yi. Komai dokin tafiya, mutum ya waiwaya ya ga abin da ke ɗaure da shi. In kuma abin kunya ya riga ya faru a bainar jama'a, gara ka riga kowa dariya.