Wata biyun da na yi ina zargin abokina da satar gangar Kawu

Shekarun baya, lokacin da nake da wani ɗan ɗaki a soron gidanmu wanda nake kira situdiyo ba tare da kunya ba, na taɓa yin wata biyu cur ina yi wa abokina kallon ɓarawo. Har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse.

Ƙauyenmu yana kusa da Tsanyawa, inda gona take manne da gona har ba ka sanin inda ta wani ta ƙare sai ka ga jerin gamba. Da damina noma nake yi kamar kowa, da rani kuma in haɗa wa mutane kiɗan biki da tallan taki. Abin tinƙahona wata tsohuwar na'urar haɗa kiɗa ce da na sayo ta hannu a Kano. Maɓallan roba sha shida ne da ita, kowanne sai ka ɗauki sauti ka ajiye masa, in ka buga da yatsa ya fito. Nauyi gare ta kamar dutsen niƙa, amma yatsuna sun san ta ko ido a rufe.

Abin da ya fi komai daraja a cikinta shi ne gangar Kawu. Kawu yayan mahaifiyata ne, makaɗin gangar noma, shi yake bin bayan manoma ranar gayya yana zuga su. Wata rana na lallaɓo shi ya zo ɗakin, na ce ya riƙa buga min ɗaya-ɗaya: bugun tsakiya, bugun gefe, da wanda yake danne fatar da tafin hannu. Yana yi yana min tsiya.

"Kai ɗan nan, ganga ce za ka yanka gunduwa-gunduwa kamar naman layya?"

Shekara ba ta zagayo ba ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, hannun damansa ya daina ɗaguwa. Aka rataye gangar a bango. Bugunsa bai rage a ko'ina ba sai a ɗan katin ajiyar sauti da ke cikin na'urata.

Ran nan, bayan kamar shekara uku, janareta ya turo wuta da ƙarfi, na ji ƙauri, na'ura ta ɗauke. Na naɗe ta a zanin Inna na kai wa abokina, wanda tare muka yi firamare, yana gyaran waya da tura wa mutane waƙoƙi a wani shago a kasuwar Tsanyawa. Bayan mako guda ya zo har gida ya ce min ta mutu, katin ma ya ƙone. Sai ya ciro kwamfuta daga jaka, da wani ɗan allo mai maɓallai sha shida da ya kira kwantirola. Shi allon ba ya fitar da sauti da kansa, sai an haɗa shi da manhajar da ke cikin kwamfutar.

"Mutumina, duk abin da waccan take yi wannan za ta yi. Riƙe ka gwada."

"To ina gawar tawa?"

"Bar ta a wurina, ko Allah zai sa a samu kayan gyaranta."

Nan zuciyata ta fara ƙaiƙayi. Ni mutum ne da in aka yi min alheri da sauri sai na duba ƙarƙashinsa. Na gwada allon kwana biyu. Ba shi da nauyi, sautukan ciki duk gangunan Turawa ne, kuma ban yi haƙurin koyon komai ba. Rana ta uku na mayar masa na ce ba na wasa da kayan yara. Ya karɓa ya ajiye.

Bayan kamar mako uku, ranar kasuwa, ina wucewa ta bayan shagonsa da buhun taki a kafaɗa sai na ji gangar. Bugun gefen nan mai ɗan shaƙewa, wanda Kawu kaɗai yake yi. Ko a cikin ganga ɗari zan gane shi. Na sauke buhun na ɗaga labule, abokina yana ganina ya rufe kwamfutar da sauri.

"Me kake ji haka?"

"Wani ɗan aiki ne," ya ce, yana kallon wani wuri daban.

Kafin in isa gida na gama shari'a na yanke hukunci. Ashe kati bai ƙone ba. Ya kwashe sautukan, ya ɓoye na'urar, ya kawo min abin roba don ya rufe min baki. Da na ga wani mai mota daga Kano ya tsaya a shagon sai na ce ga mai sayen nan ya zo. Daga baya na ji cewa cajar waya mutumin ya saya. A lokacin kuwa ko tari abokina ya yi sai na ga alamar rashin gaskiya a ciki.

Na kai wa mahaifiyata ƙara tana tankaɗe. Ta saurare ni har na gama.

"Ka tambaye shi?"

"Inna, ɓarawo ake tambaya?"

"Yaron da ya ci tuwo a kwano ɗaya da kai? Ka ji tsoron Allah, ka je ka tambaye shi."

Ban je ba. Sai na koma gaisuwar nesa, in ya ce sannu in ce yauwa in wuce. Mafi muni, a majalisarmu ta gindin dalbejiya na riƙa sakin magana, wai akwai masu gyaran da in ka kai musu kaza sai su dawo maka da gashinta. Ban kama suna ba, amma mai gyara ɗaya ne a cikinmu, kowa ya gane.

Da ruwa ya sauka aka shiga noma, sai na fara ganin babur ɗin abokina a ƙofar gidan Kawu in zan tafi gona. Sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Na ce wato gangar ba ta ishe shi ba, har kirarin tsohon yake son ya kwashe tun da ya ga ba shi da lafiya. Rana ta huɗu da hantsi na jingine fartanya a bakin zaure na shiga, sallamar ma rabinta na yi.

Kawu yana zaune a tabarma, an tokare masa baya da filo. Allon nan da na kira kayan yara yana kan cinyarsa. Hannun daman yana kwance inda aka ajiye shi, yatsu uku na hagu kuwa suna bin maɓallan, gangarsa tana fita daga wata ƙaramar sifika. Abokina yana durƙushe gaban kwamfuta. Ba su ma lura da ni ba, don Kawu faɗa yake yi.

"Na ce ka kashe abin nan mai gyara min hannu! Sai garma ta fito daga ƙasa sannan ganga take sauka. Shi wannan sauri yake, bai taɓa noma ba."

Abokina ya taɓa wani wuri a manhajar, ya kashe abin da ke daidaita bugu. Kawu ya sake bugawa, ya ɗan ja baya kaɗan yadda ya saba, sai ga kiɗan gayya sak. Ni dai ina tsaye a bakin ƙofa ina saurare.

Kawu ne ya fara ganina. Ya janye hannunsa daga allon kamar an kama shi da laifi.

"Ni na hana shi gaya maka," ya ce. "Kai ka san hannuna na da. Ban so ka ji ni ina lalube kamar mai koyo ba. Na ce ya bari sai na iya."

A nan abokina ya yi min bayani, murya ƙasa-ƙasa. Katin da gaske ya ƙone. Tsofaffin waƙoƙin da na haɗa da gangar Kawu na riƙa ba shi yana tura wa mutane a waya su ya bi ɗaya bayan ɗaya, yana neman inda ganga ta fito ita kaɗai ba murya a kanta. Ya yanko kowane bugu, ya jera su a maɓallan yadda ya ga ina jera su a tsohuwar na'urar. Da ya kasa tantance na kirki sai ya kawo wa mai gangar ya zaɓa. Kawu ya miƙa yatsa ya taɓa maɓalli ɗaya, ya ji bugunsa bayan shekara uku, daga nan ya ƙi sakin allon.

Da muka fito zaure na fara kame-kame. Abokina ya kunce wani buhu daga bayan babur ya miƙo min. Na'urata ce a naɗe cikin zanin Inna, da ƙonannen katin a leda.

"Tun ranar da aka gaya min maganar kaza nake yawo da ita," ya ce. "Na so in kawo maka, sai na ga in na zo dole in yi bayani, kuma na yi wa Kawu alkawari."

Wato duk ya ji. Wata biyu ana kallonsa a majalisa, ya haɗiye saboda kunyar wani tsoho. Na ba shi haƙuri a nan, na kuma je gindin dalbejiya na faɗa a gaban kowa cewa ƙarya na yi masa. Wannan ya fi noman kadada wuya.

A daminar nan aka yi gayya a gonar maƙwabcinmu. Muka ɗauko Kawu a babur, muka zaunar da shi a inuwar gawo da batir da sifika, ya yi wa manoma kiɗa da yatsu uku har azahar. Ni ma daga baya na zauna na koyi manhajar, abokin nawa ne ya koya min, kuma da ita nake aiki har gobe.

Abin da na gane shi ne, zargi ba ya jiran hujja, da kansa yake ƙera ta, kuma tambaya ɗaya da Inna ta ce in yi da ta raba ni da wannan kunya. Abokina ya yafe min, muna cin abinci tare, 'ya'yanmu suna wasa tare. Sai dai har yau in na kai masa waya gyara, a gabana yake buɗe ta, ya jera 'yan kusoshin a kan farar takarda ya ce in duba da kyau. Da dariya yake faɗa. Ni ban taɓa iya taya shi dariyar ba.